Ƴan Rakiya

Da sassafe a Gamkale, kafin rana ta taɓa gulbi,
na ɗaure gashi, na rufe hanci da baki,
na tsaya gaban sikeli kamar mai jiran hukunci.

Maganin kansa ɗan mitsitsi ne.
Miligiram biyar, bai kai ƙwayar gero nauyi ba.
In na miƙa maka shi tsirara a tafin hannu,
numfashinka kaɗai ya isa ya kai shi Kollo.
Shi ya sa ba ya fita sai da ƴan rakiya:
sitacin masara ya ba shi jiki,
sukarin madara ya cike gurbi,
ƙaro ya riƙe su, kada kowa ya kama gabansa.

Ƙaron nan na san shi tun ban san boko ba.
Babana Asumana ke tsaga dakwara a dajin Abalak,
ya dawo hannu duk ƙaya,
ya auna tiya a kasuwar Tawa
a kuɗin da ko shayin mako ba su kai ba.
Yau ga shi gabana fari fat cikin leda,
ya ƙetare teku, ya yi wanka,
ya dawo da sunan da babana ba zai iya faɗi ba.

Kwaɓi sai hannun da ya san dambu.
Ruwa ya yi yawa, ka tuƙa tuwo.
Ya gaza, gari ya koma gari.
Nakan dunƙula, in matse,
in ya tsaya, kuma ya ruguje da ɗan yatsa, to ya yi.
Sai rariya, sai tanda,
sai inji ya hau bugu, tak, tak, tak,
har kunne ya daina ji.

Ran Talata Ma'azu ya zuba garin santsi,
wanda ke hana ƙwaya manne wa ƙarfe.
Minti uku ake juya shi, ba ƙari.
Waya ta yi ƙara, matarsa na naƙuda a Yantala.
Ya fita. Mahaɗi na ta juyi shi kaɗai, minti arba'in.
Ƙwayoyin suka fito sumul, suna sheƙi,
ban taɓa buga kyawawa irinsu ba.

Na jefa shida cikin ruwa mai ɗumin jiki,
na kafa wa agogo ido.
Kwata ta wuce. Suna zaune.
Rabin awa. Suna zaune,
kamar tsakuwa a gindin randa.

Ƙwayar da ta ƙi fashewa,
yadda ta shiga haka za ta fita.
Wata tsohuwa mai hawan jini a Balleyara
za ta haɗiya, ta yi hamdala,
ta kwanta da ciwonta cif.

Dubu tamanin. Na ja musu jan layi.
Maigida ya shigo yana ƙirga jikkuna a iska,
ya ce, Zalika, ai maganin na ciki, bai ɓace ba.
Na ce yana ciki, ranka ya daɗe,
yadda ruwa ke cikin rijiya gaba sittin
ga ƙishi, babu guga.
Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Da la'asar Ma'azu ya dawo, an samu ɗiya,
dabino a aljihu, ido a ƙasa.
Na ci dabinon, na yi barka,
sannan na nuna masa kofin.
Har lokacin biyu na kwance, ko gezau.
Na ce, gobe ƙarfe bakwai, mu sake awo.
Wayarka ta kwana a hannuna in ta kama.

A takardar cikin kwali
sunayen ƴan rakiya na can ƙasa,
ƙananan baƙaƙe, sai da tabarau.
Ba mai karantawa. Ni nakan karanta
cikin taksi, in mun maƙale a kan gada.
In na iso kan ƙaro sai in dakata kaɗan,
in ji ƙaya tana suka
a tafin hannun da ba nawa ba.