Kwasar Ƙarshe

Jini na je bayarwa, ba neman labari ba.
Ƙanena Sagiru ne babur ya kayar a Gadar Kawo.
Aka ɗibi nawa, aka duba, aka ce,
Malama, naki ba zai shiga jikin kowa ba.
Ciwon hanta, nau'in bi.
Ni da ko zazzaɓi bai cika kwantar da ni ba.

A Barau Dikko na tambayi likita ba kwana-kwana:
shekara nawa suka rage min?
Ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi,
ta ce, Kubura, wannan lissafin ba a teburina yake ba.
Akwai wadda nake dubawa tun masaƙun Kakuri na kaɗawa,
jiya ta zo goye da jika.
Akwai wadda ta tsaya ga jiƙe-jiƙen bakin tasha,
sai da ciki ya kumbura aka kawo ta.
Ki riƙa zuwa duk wata shida.

A gida aka ware min kofi, jan roba,
har ranar da Inna Tabawa ta tsoma hannu a kwanona
ta ce tuwon nan ya yi min yawa ni kaɗai.

Mu goma sha biyu ne a adashi,
layin teloli, Kasuwar Barci.
Hajiya Lantana ta ja ni bayan shago:
ki fara kwasa, 'yar nan, ko don magani.
Na ji abin da ke ƙasan harshenta.
Tana tsoron a kai ƙarshe babu ni.
Na ce a'a. A sa ni ta sha biyu.

Na zuba, na zuba, ina ƙirga wata
kamar mai ciki.
Na kwasa. Na sayi keken ɗinki mai wuta.
Na haifi Zulai, ranar aka yi mata allura,
ta tsala ihun da har yau nake jin daɗinsa.

Bana zagaye na bakwai.
Hajiya Lantana, Allah ya jiƙanta,
lafiyarta lau ta kwanta wani daren Laraba.
Littafin adashin yanzu a hannuna yake.

Ba na cika baki, wani lokacin tsoro kan zo,
in kwana ina lalubar gefen damana.
Amma Alhamis ina da gwaji,
ga ɗinkin Sallah ya taru har ƙofa,
kuma sunana na nan inda na bar shi,
can ƙasan shafi.