Fitila Uku a Garkar Inna

Fitila uku na sayo a kasuwar Tawa,
masu shan rana, su amayo ta da dare.
Ta fari na kafa a gindin lemun tsami,
can ƙasa, don haske ya hau reshe-reshe
kamar yaron da ya tuɓe takalmi.
Ta biyu bakin randa, inda Inna Tsahara
kan yi tuntuɓe in ta fito alwalar asuba.

Daren farko aka ɗauke kuran,
Wadata duk ta yi ɗif,
garkarmu kaɗai ke numfashi.
Ashe muna da baƙi ba mu sani ba:
bushiya na bin kunyar yakuwa,
kwaɗi biyu sun baje, ƙwari na kawo kansu,
inuwar zogale ta haure katanga
ta bar zogalen a tsaye.

Ta ukun, Inna ta ce in cire.
"Kusurwar lallen nan Malam kan shimfiɗa tabarma.
Bai taɓa son a haske shi yana duban taurari ba."

Shekara shida da rasuwarsa.
Na cire. Tana cikin kwalinta har yau.
Duhun wurin, ƙamshin furen lalle yake.