Laka Daga Ƙasan Teku

Kakana Barau mahaƙin rijiya ne a Tukur-Tukur.
Da yatsa yake karanta ƙasa:
jar ƙasa, marmara, sannan yumɓu,
ya ce, "Nan kogi ya taɓa kwana."

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Amma yau a Samaru
Malama Kande ta buɗe mini bututu
cike da laka daga can ƙarshen kudu,
mai ƙarni kamar bakin Kubanni.

Na sunkuya kan madubi.
Ɓawon 'yan halittu, ko ƙwayar acca ta fi su,
masu son ruwan ɗumi,
kwance inda ƙanƙara ke mulki yau.
A samansu tsakuwa,
wadda tsaunin ƙanƙara ya goyo,
ya narke, ya yar.

Ashe an taɓa yi.
Abin da muke wa kallon Kufena
ya taɓa sakin jiki.

Da yamma a Kwangila
na tsaya wajen Tanimu mai ƙanƙara.
Ba wuta tun asuba.
Buhunsa na ɗiga,
yana ta ƙara masa ƙaiƙayi.
Na sayi ta ɗari biyu.
Kafin in kai gida, rabi ruwa ne.