Ruwan Toka

Kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba.
Kwana uku ta yi a hanya cikin ƙanƙara.
Direban da ya miƙo min ita a Tashar Dukku
ya tambaya ko turare ne.
Na ce kuɗinta ya fi albashina na wata huɗu,
ya yi dariya, ya ja motarsa.

Ɗigo ɗaya ake sawa.
Garkuwar da ke ciki fuska ɗaya tak ta sani,
kamar ɗan aiken da aka ce wa:
shiga kasuwar Gombe ana tsakar ciniki,
nemo mutum guda, kama masa riga,
kada ka saki.

Wadda muke nema ƙofa ce
a bangon ƙwayar naman zuciya.
Ba ta da ƙyaure, ba ta da mai gadi,
amma fotasiyam take bari ya wuce.
In ta makara da ƙiftawar ido
sai bugu ya yi tuntuɓe.

Lamela, abokin aikina, ya ce sunan gishirin nan
daga tokar murhu ya samo asali.
Sai na tuna Inna Dudu a Kwami
tana tace ruwan toka a tsohuwar ƙwarya,
ɗis, ɗis, don miyar yakuwa.
Ɗanta, Baffana, yana alwalar la'asar ya kife.
Butar ma ba ta gama zubewa ba.
Aka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne.
Ni dai ina so in ga ƙofar.

Ranar Laraba aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi.
Lamela ya hau babur har Jekadafari
ya ari kular mai zoɓo,
muka zauna muna gadinta kamar masu jinya.

Gilashi na farko, duhu.
Na biyu, duhu.
Na uku na ɓata da hannuna, ban faɗa wa kowa ba.

Na huɗu, bayan isha'i,
na sa ido a madubi, na murɗa a hankali,
sai ga kore,
siriri, yana bin gefen kowace ƙwaya
kamar fitilun Tumfure in ka hango su daga tudu.
Ɗan aike ya kama riga.

Ban kira kowa ba tukuna.
Na sa yatsu biyu a wuyana
ina ƙirgawa.