Bugu Bakwai

A Bukoki, bayan shagon mai gyaran firji,
muka liƙa kwalayen ƙwai a bango,
muka raɗa wa ɗakin suna sutudiyo.
Wata tara muna ɗauke da cikin faifai guda.

Kiɗa na uku ne ya zo da gardama:
minti goma sha tara, babu amshi,
bugu bakwai-bakwai.
Sahabi a kan ganguna yana ƙirge da haƙora,
jitar Galiyu tana kai da komo
kamar mai neman gidan da aka sauya wa ƙofa.

Sai muka aika Tawa a kira baƙo.
Tsoho Arzika ya sauko daga motar dare,
gogensa naɗe cikin zanen matarsa.
Na maƙala masa abin ji a kunne.
Ya saurara. Ya cire.
"Yara, kiɗanku gurgu ne,
ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."
Sahabi ya ce, "Baba, da gangan ne."
"To, gurgu ma yana cin kasuwa."
Ya shafa ƙaro, ya ja izga.

Bai ƙirga ba.
Inda bugu na takwas ya ƙi zuwa,
nan yake sakin numfashi,
kamar mai lugude ta cilla taɓarya sama,
ta tafa,
ta cafe.

Bibata ta haye gada daga Harobanda bayan la'asar,
ta zuba Zabarmanci a kan jita mai kuka.
Ba mu ji rabin abin da ta ce ba,
amma tsikar jikin Galiyu ta ji.

Minti na sha huɗu wuta ta ɗauke.
Injin mai firji ya karɓa da gurnani,
tsohon ya yi tari sau biyu,
bai tsaya ba.
Na kwana uku da yatsa a kan maɓallin gogewa.
Na bar tarin.

A bayan kwali mun rubuta "baƙi",
sunansa na biyu, da ƙananan baƙaƙe.
Ya karɓi jikka goma da kuɗin mota,
bai nemi a kunna masa ba.

Gidan rediyo sun ce mu yanko minti uku.
Wane ukun?

Jiya cikin taksi, daga Wadata zuwa Yantala,
direba ya sa shi tun daga farko.
Mun iso ƙofar gidanmu goge bai gama ba.
Na miƙa kuɗi, ya ɗaga mini hannu:
"Dakata, malam.
Yanzu tsohon zai yi tari."