Ƙarfe Huɗu da Kwata

Daga shagona a Sabon Gari aka kira ni,
wata Larabar bazara,
ranar da kwalta ke taushi ƙarƙashin taya,
kare ma ya ƙi haushi don tattalin yawu.
Na ɗaure jakar aiki a bayan babur,
na haye Kubanni, ruwanta ya koma zare,
na nufi Gyallesu.

Malam Shu'aibu na zaure, tabarau a goshi.
Tsohon malamin lissafi ne,
ba ya shiri da abin da ba shi da dalili.
Ya ce, "Esin nan ya raina ni.
Farkon dare sanyi kamar gindin randa,
amma kullum gabanin asuba sai ya yi tsit,
zufa ta tashe ni,
alhali wuta na nan, ƙwan fitila ne shaida."

Na tuɓe takalmi na shiga.
Ba a fara tuhumar inji da babban laifi.
Matata na fara zarowa, ƙura kaɗan, na wanke.
Na leƙa bututun ruwa inda zanzaro kan yi gini,
babu zanzaro.
Na hau tsani a bayan ɗaki, na ɗaura ma'aunin gas,
allura ta tsaya inda ya dace.
Kafasita bai kumbura ba.
Sitabilaiza na ta ƙyas-ƙyas kamar mai jan carbi.
Ɗan baƙin hancin nan na kan waya,
mai shinshinar zafin ɗaki ya kai wa kwamfaresa rahoto,
na dumtse shi a tafin hannu,
ya ji ɗumina, inji ya amsa.

Na kashe, na kunna.
Malam ya ce, "Ka gani ko? Ya ƙi tashi."
Na ce, "Minti uku yake so, haka aka ƙera shi,
ba ya tashi a firgice
sai numfashinsa ya daidaita."
Muka zauna, shi yana ƙirga da yatsu.
Ya tashi.

To, ina cutar take?

Rimot kaɗai ya rage,
naɗe cikin leda, an ɗaure gindin da jan zare,
ƙamshin turaren wuta ya kama shi.
Na karkata shi wajen taga.
Can a lungun gilashi ga ɗan agogo kamar ƙwayar gero,
kusa da shi alamar kashewa:
huɗu da kwata, kowace rana.

"Malam, wa ya saita wannan?"

Ya sauko da tabarau. Ya daɗe.
"Ni jan maɓallin nan kawai na sani.
Zulai ce mai rimot."
Inji na ta hura mana sanyi, ba ruwansa.
"Wata bakwai ke nan, Allah ya jiƙanta.
Takan ce sanyin asuba ke riƙe mini gwiwa,
kuma wanda sanyi ya lulluɓe
muryar ladan ba ta kai masa.
Duk shekarun nan na ɗauka
tashi take yi ta kashe da hannu."

Na ce danna biyu ne in share.
Yatsana ya riga ya hau.
Ya riƙe mini wuyan hannu,
riƙon mai alli, ba ƙarfi, ba saki.
"Bar shi.
Idan batir ya mutu fa, lambar za ta bi shi?"

Na ce za ta bi shi.
Sai ya sauko da kalanda daga ƙusa,
na rubuta masa a baya, dalla-dalla:
wannan maɓalli, sannan wancan,
huɗu, sha biyar, a danna a riƙe.
Ya karanta sau biyu kamar mai duba jarrabawa,
ya gyara mini wata huɗu da ta yi kama da tara.

A rasit na rubuta wankin matata.
Ya biya, bai nemi ragi ba.