Ɗinkin Kundi a Aboabo

Fusaina ta kawo shi a cikin leda,
bangonsa ya ɓalle, babi na biyar na lilo
kamar haƙorin yaro.
"Baba Isaka, jibi ne jarrabawa."
Na ɗauko basilla, na goga wa zare kaki.

Wannan shi ne na biyar, jikata.
Na fari ya zo da tutar hamsin da bakwai,
ina goye a bayan uwata.
Na sittin ya kwance sauran igiyar Ingila.
Biyun da suka biyo baya
ko shekara uku ba su cika ba.
Da asuba rediyo kan yi gyaran murya,
sai badujala,
sai wani ya ce an dakatar.
Ranar, koko kan huce a hannun mai sayarwa,
Kejetiya ta yi tsit.

Shi wannan, layi na bi saboda shi,
watan Afrilu, casa'in da biyu,
na dangwala yatsa na ce i,
ban ko san me ke cikinsa ba.

Riƙe mini nan.
Babi ashirin da shida, in ji ki,
sassa ɗari uku ba ɗaya.
Na farkonsu ya ce mulki na jama'a ne;
shi zan fara hudawa, shi ke riƙe sauran.
Shugaba, majalisa, kotu:
duwatsun murhu ne,
in ɗaya ya yi girman kai
tuwon kowa ne a ƙasa.
Akwai wuraren da aka yi wa ɗinki biyu,
ba a farke su sai an tambayi ƙasa duka.
Wannan dabara, ni na san ta.

Amma ki faɗa wa malamanku:
takarda ta ce awa arba'in da takwas,
ɗan Mumuni mai faci kwana tara ya yi a tsare
kafin ya ga fuskar alƙali.
Zare ba ya ɗinka kansa.

Ga shi nan. Bar manne ya sha iska.
Mayar da sidinki jaka.
Ni ajami na iya, shi kuwa da Turanci ya zo.
Zauna bisa bencin nan, kafin a kira la'asar,
ki juya mini babin da ya kusa faɗuwa,
a hankali,
in ji abin da na ce wa i.